Sartaj Sahab Ba Ya Mutuwa

Duk faɗin Bombay babu wanda bai san cewa Sartaj Kumar ba ya mutuwa a fim ba. An harbe shi, an soke shi, an jeho shi daga saman jirgin ƙasa, an taɓa ɗaure shi da dutse an jefa a teku, amma kafin a kunna fitilun silima sai ga shi ya dawo, riga a yage ta kafaɗa ɗaya, gashi ko gezau, ya lakaɗa wa bos dukan kawo wuƙa, ya kuma samu sauran numfashin rera waƙa. Tun ana fim baƙi da fari yake wannan aiki, har kala ta zo ta tarar da shi, har 'yan matan da ya zagaya bishiya da su suka koma fitowa a matsayin iyayensa mata.

Dinkar Sawant ma ya san da haka. Ya sani sarai, amma ya zauna ya rubuta labarin da ya ƙare da mutuwar wani tsoho a kan kujera, ya kuma ɗauki labarin da hannunsa ya kai gidan Sartaj Sahab a unguwar Bandra. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Shi Dinkar ya haura hamsin, ga sanƙo ga tumbi, kuma abin da duniya ta san shi da shi bai wuce tallan sabulu da na man goge haƙori ba. Ya fi kowa iya sa kumfa ta yi kyau a kyamara, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Amma a zuciyarsa fim ɗaya tak yake so ya yi, kuma a fim ɗin ma fitowa ɗaya ce ta dame shi. Mahaifinsa, malamin makaranta mai ritaya a unguwar Girgaon, ya zauna wata rana da la'asar a barandar gidan haya, ya ce a kawo masa shayi. Kafin mahaifiyar Dinkar ta fito da kofin, mutumin ya tafi. Tabarau na kan hancinsa, jarida na kan gwiwarsa. Babu jawabi, babu wasiyya, babu goge da sarewa. Wannan mutuwar Dinkar yake so ya sa a allon silima, ko sau ɗaya mutanen garin nan su ga yadda ake mutuwa da gaske.

Furodusa, Seth Gidwani, ya ce shi bai ƙi ba, amma ba zai zuba dukiyarsa a kan tsoho da kujera ba sai in tsohon mai suna ne. Shi ya sa aka dangana da Bandra. Dinkar ya durƙusa ya taɓa ƙafafun Sartaj Sahab, ya karanta masa labarin tun daga farko har ƙarshe. Da aka zo kan kujerar, sai hawaye ya gangaro wa tsohon ta idon hagu, ya dafa kan Dinkar ya ce, "Lokaci ya yi, beta, ɗana. Zan mutu maka."

Dinkar ya fito yana jin kamar an yi masa bushara. Sai daga baya ya tuna cewa idon hagun nan shekara da shekaru yana zubar da hawaye duk lokacin da aka bukata, kuma ta gefen hagu ake ɗaukar hoton Sahab tun kafin a haifi rabin ma'aikatan situdiyo.

Aiki dai ya tafi, irin tafiyar da aiki ke yi da manyan jarumai. A kira Sahab da safe, ya iso bayan an ci abincin rana, ya tambaya ko an daɗe ana jira. Hular gashinsa tana da mai kula da ita na musamman, kuma an sha fama kafin ya yarda a ɗan yayyafa mata furfura a gefen kunne. Amma in aka kunna kyamara, gaskiya ɗaya ce, tsohon ya san aikinsa. Haka aka lallaɓa har aka gama komai, saura fitowar ƙarshe.

Barandar da za a mutu a kai a fili aka gina ta, bayan situdiyo, da katako da kwali da yadi, don Dinkar ya nace sai da hasken la'asar na gaske. Ga damina ta ƙarato, gajimare ya fara taruwa ta wajen teku. Seth ya faɗa ba da wasa ba: ranar da ruwa ya ci barandar nan, ba zai sake kafa ko ƙusa ɗaya ba, zai rufe fim ɗin da waƙar bikin da aka riga aka ɗauka, kowa ya tafi gida yana rawa.

Nan Sahab ya fara.

Ranar farko ya aiko cewa mai duba masa taurari ya hana shi duk wani abu da ya shafi kwanciya ko rufe ido a wurin aiki har sai wata ya sauya gida. Da wata ya sauya gida, sai maƙogwaro ya kama shi. Dinkar ya aika a tuna masa cewa ban da neman shayi babu magana ko ɗaya a fitowar, aka dawo masa da amsa cewa jarumi da maƙogwaro yake yin shiru. Ranar da ya zo kuma, ya zauna a kujerar ya ce ta yi ƙasa, mutum mai daraja ba ya mutuwa gwiwoyinsa sun fi cibiyarsa tsawo. Aka kawo wata, ya ce wannan tana ƙara. Kafin kafinta ya gama da ita, rana ta faɗi.

Sai kuma shawarwari. Ya kira Dinkar gefe, ya ce shi ba ya shiga aikin darakta, bai taɓa ba, amma me zai hana tsohon ya ɗan yi magana kafin ya cika, ba mai tsawo ba, ya yafe wa ɗansa, ya yafe wa surukarsa, ya ɗan taɓo halin da ƙasa ke ciki. Dinkar ya ce a'a cikin ladabi. To me zai hana ya suma kawai, likita ya shigo da jaka? A'a. Washegari ya zo da fara'a, ya ce ya kwana yana tunani, ya samo mafita: tsohon ya mutu yadda Dinkar ke so, ba gardama, sai a wurin ƙona gawa a ga wani mutum ya sauko daga tasi, ashe tsohon tagwaye ne, an raba su a wata kasuwa tun suna yara.

Dinkar ya koma bayan janareta, inda ƙara ba za ta bari a ji shi ba, ya faɗi wasu maganganu da mahaifinsa malamin makaranta bai koya masa ba. Kullum da safe kafin ya wanke baki sai ya leƙa taga ya duba sama, kamar manomi, sai dai shi roƙonsa kada a yi ruwan.

Chandrika-ji, wadda ke fitowa a matsayin matar tsohon, ita ce ta fara gajiya a fili. Kullum sai an yi mata kwalliyar tsufa a kan tsufanta, ta riƙe kofin shayi ta zauna jiran mijin da ya ƙi mutuwa. Ita kaɗai ce a wurin ke kiran Sahab da sunansa, don tare suka fara, tana budurwarsa a fim.

"Sartaj, wai me kake tsoro ne?" ta ce, a gaban kowa. "Ni na mutu a hannunka da tarin fuka ina masoyiyarka. Na sha guba ina ƙanwarka. Na faɗi a matakalar haikali ina uwarka, kana ta jijjiga ni har wuyana ya yi sati yana ciwo. Ga ni nan, ban da gwiwa ba abin da ke damuna. Ka rufe ido ka yi shiru, shi ke nan. Na san shirun ne zai ba ka wuya."

Ma'aikata suka sunkuyar da kai, kowa ya sami wayar da zai naɗe. Sahab ya yi murmushi ya ce ai ita Chandrika baiwa ce da ita, tun tana yarinya in ta fito mutane ke ɗokin ganin ta mutu. Ya tashi ya shige ɗakin kwalliya.

Dinkar ya bi shi, da niyyar yau ko ta fashe. Ya tura ƙofa bai ƙwanƙwasa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya tarar da hular gashin a kan sandarta, Sahab kuma zaune gaban madubi da kansa na gaskiya, ƙarami, mai 'yan tsirarun gashi kamar na jariri. Duk jawabin da Dinkar ya shirya ya bi iska.

Tsohon bai juyo ba. Ya ce duk sa'o'insa sun tafi, wanda ya fi shi rawa, da wanda ya fi shi murya, da bos ɗin da ya fi kowa shan duka a hannunsa, duk ya raka su. Ya ce da yana saurayi masu silima ne suka hana shi mutuwa, don sun ce mutane za su farfasa kujeru. Yanzu kuwa ba mai hana shi.

"A shekaruna, beta, mutum ba ya gwajin wannan abu. Kada a ga na iya."

Ko wannan ma wasa ne, Dinkar bai sani ba, kuma har yau bai sani ba. Idon hagun dai a bushe yake.

Wanda ya kawo mafita shi ne mai ɗaukar hoto, Murugesan, mutumin Madras ta kudancin ƙasar, wanda kowa ke kira Anna. Ba shi da yawan magana, ya fi yarda da fitila a kan mutane. Da Dinkar ya gama zuba masa kukansa, sai ya ce shi abin ma mamaki yake ba shi, don a inda ya koyi aiki ba a kashe kyamara a kan gawa. In ɗan wasa ya mutu, darakta ya ce kat, kyamara ba ta tsayawa sai mamacin ya tashi ya kalle ta ya yi murmushi, don kada hoton ƙarshe da ta ɗauke shi ya zama na mutuwa. Sai a fasa kwakwa, a kore mugun ido. Wannan guntun kuwa mai haɗa hoto ya datse shi ya yar. Ya ce shi bai taɓa ɗaukar mutuwa ba tare da haka ba, kuma da ma ko ba a tambaye shi ba haka zai yi.

Dinkar ya kusa rungumar mutumin. Suka je tare suka faɗa wa Sahab. Tsohon ya saurara da kyau, sannan ya fara tambayoyi. Kyamarar ba ta tsayawa ko kaɗan? Ba ta tsayawa. Fitilun ma ba a taɓa su? Ba a taɓawa. Faifan ɗaya ne, ba a sauyawa? Ɗaya ne. Ya gyaɗa kai ya ce al'adar mutanen kudu akwai hikima a ciki, gobe da la'asar zai mutu.

Mutumin da ya yi shekaru yana sayar wa jama'a kumfa ya kamata ya gane in ana shirya masa ita. Dinkar bai gane ba. Ya tafi gida ya ci abinci har da ƙari.

Washegari Sahab ya iso kafin lokaci, abin da ya sa mai gadi ya tsaya yana duba motar sau biyu. Sama ta yi baƙi ta gefe ɗaya, amma rana ta samu kafa ta zubo wani haske mai ruwan zuma a kan barandar. Ya zauna a kujerar da ya ce tana ƙara, ba ƙorafi. Aka ɗora masa jarida a gwiwa. Dinkar ya ba da umarni, kyamara ta fara juyawa.

Tsohon ya ɗaga murya kaɗan ya nemi shayi. Ya koma kan jaridarsa. Ya karanta layi ɗaya, ya ɗago ya kalli titi kamar ya ji an kira shi daga nesa. Sai hannunsa ya sassauta. Shi ke nan. Bai karkata ba, bai dafe ƙirji ba, tabarau ma bai zame ba. Mutum ne a zaune, sai kuma babu mutum. Chandrika-ji ta fito da kofi, ta tsaya, ta kalle shi.

Dinkar ya ga Girgaon. Ya ga barandar gaske, da tsatsar ƙarfenta, da silifas ɗin mahaifinsa ɗaya a kife. Sannan ya ce kat.

Kyamara ta ci gaba da juyawa, yadda aka yi alkawari. Abin da aka saba, mamaci ya miƙe ya washe baki kamar wanda aka kama yana satar nama, kowa ya yi dariya. Sahab bai yi haka ba. Ya bar shirun ya ƙara tsawo. Sannan ya buɗe ido a hankali, ya gyara tabarau da yatsa ɗaya, ya miƙa hannu ya karɓi kofin daga hannun matar, ya kurɓa, ya ɓata fuska.

"Ba sukari," ya ce.

Chandrika-ji, da yake tsohuwar hannu ce, ba ta fita daga wasan ba. Ta kai masa duka a kafaɗa da gefen mayafinta, tana kuka tana dariya. Shi kuwa ya juyo da gefen hagu, ya kalli cikin kyamara, ya saki murmushin nan da iyayenmu mata suka ɓoye hotonsa a ƙarƙashin tufafi. Aka fasa kwakwa, aka tafa, masu fitila har da fito. Dinkar ma ya tafa, sakarai, yana share hawaye. Kafin a gama naɗe wayoyi ruwa ya sauko, zuwa safiya barandar ta zama tarin jiƙaƙƙen kwali. Bai damu ba. Mutuwar da yake so na cikin gwangwanin faifai.

Bayan 'yan kwanaki aka shirya kallon abin da aka ɗauka, ɗanye, kafin a kai wa mai haɗawa. Irin wannan kallo darakta ne da mai ɗaukar hoto, sai ko furodusa in ya ga dama. Dinkar ya shiga ɗakin ya tarar da shi cike: Seth Gidwani a gaba, da masu sayen fim su kai jihohi, na Delhi da na Punjab da wani mai ƙaton zobe daga Patna, ana ta raba musu samosa. Seth ya ce ai Sahab ne da kansa ya buga wa kowa waya, ya ce su zo su ga yadda yaron nan Dinkar ya yi abin tarihi. Shi Sahab ɗin bai samu zuwa ba, maƙogwaro.

Aka kashe fitila. Tsoho ya nemi shayi, tsoho ya tafi. Ɗakin ya yi tsit, har mai zobe ya daina tauna. Dinkar ya ji wani na jan hanci a bayansa, ya ce a ransa, to, ga shi, ashe su ma mutane ne. Ya ɗaga hannu ya yi wa mai na'ura alama ya tsayar, amma mai na'ura ya tafi karɓar samosarsa. Faifai ya ci gaba. Ido ya buɗe. Ba sukari. Murmushi.

Mutumin Patna ya miƙe tsaye ya sa yatsu a baki ya yi fito, a ɗakin da bai fi falo ba. Na Punjab ya rungumi Seth. Aka kewaye Dinkar ana girgiza masa hannu, ana cewa ashe macijin ƙaiƙayi ne, ya kashe su ya kuma tashe su.

Ya yi bayani. Ya ce wannan guntun ba fim ba ne, al'ada ce, na yarwa ne, a tambayi Anna. Anna ya ce gaskiya ne na yarwa ne, amma hasken ya yi kyau. Dinkar ya bi Seth har mota yana magana, ya ce duk fim ɗin an gina shi ne don wannan shirun, in tsohon ya tashi to me aka yi ke nan.

"Seth-ji, mahaifina bai tashi ba."

"Ubangiji ya ba shi hutu," in ji Seth, yana shiga mota. "Shi ya sa ba wanda ya sayi tikiti ya kalle shi. Dinkar-bhai, labari naka ne, almakashi nawa ne."

Dinkar ya tafi Bandra a fusace, ya tarar da Sahab a lambu, cikin ƙoshin lafiya, maƙogwaro garau, yana ba kifaye abinci. Bai taɓa ƙafafunsa ba. Tsohon ya lura, ya kuma yi kamar bai lura ba. Ya saurari duk abin da Dinkar ya zo da shi, har da kalmar yaudara, sannan ya kakkaɓe hannu.

"Ka ce in mutu, beta, na mutu. Ka taɓa ganin wanda ya yi ta fi haka?"

Dinkar bai taɓa gani ba, sai sau ɗaya.

"To. Abin da mutum ya yi bayan an ce kat kuma, ai lokacinsa ne."

Fim ya fito da tashin a ciki. Dinkar ya yi rantsuwa ba zai kalle shi a silima ba, amma mahaifiyarsa, wadda yake kira Aai, ta ce ita sai ta gani, kuma ba za ta hau bas ita kaɗai da wannan ƙafar ba. Ya kai ta kallon rana, suka zauna a sama. Da aka zo kan kujerar, silimar nan mai cike da 'yan dako da direbobin tasi ta yi shirun da bai taɓa jin irinsa ba. Ya rufe ido, don ya san abin da ke tafe. Sai ihu ya tashi, da fito, da ƙarar tsabar kuɗin da ake jifan allo da ita. Wani a ƙasa yana ta faɗa wa na kusa da shi cewa ai shi da ma ya sani, Sartaj ne fa.

Suka fito, suka samu tasi. Aai tana ta kallon ruwa a gilashi, bakin mayafinta a hannu. Dinkar ya fara shirya yadda zai ba ta haƙuri, ya ce ba haka ya rubuta ba, an fi ƙarfinsa ne.

Ta riga shi. Ta ce ranar nan, da ta fito da kofin, ta daɗe a tsaye kafin ta kira kowa. Ba ta taɓa faɗa masa ba. Tsayawa ta yi tana jira ko zai buɗe ido ya karɓa.

"Ka kyauta da ka tashe shi," ta ce, ta dafa masa gwiwa.

Tasi ta tsaya a cunkoso, daidai ƙarƙashin wani ƙaton allo mai hoton Sahab, ta gefen hagu, ruwa na zuba a kan murmushin.

"Sai dai abu ɗaya," in ji Aai. "Babanka bai taɓa cewa shayina ba sukari ba. Wannan ƙarya ka yi mini, kuma duk Girgaon za su gani."